Yadda ake samo wa shafin intanet mahaɗai masu nauyi

Kawuna ya daɗe yana sana'ar kilishi a nan Yamai, ni kuma na yi masa shafin intanet don masu son a aika masu da kaya Kwatano ko Abijan su riƙa samun sa ba sai ta hannun wani ba. Wata uku da buɗe shafin ya sa aka kira ni rumfarsa bayan la'asar. Ya miƙo mini waya ya ce, "Kai ɗan nan, na rubuta kilishi a Google ɗin naku, na ga kowa, ban ga kaina ba. Ina kuɗina suka shiga?" Na buɗe baki zan yi bayani ke nan sai ya ce in dakata, ai ya riga ya samo magani. Wani da bai taɓa gani ba ya turo masa saƙo a WhatsApp cewa zai haɗa masa mahaɗai dubu biyar, wato wurare a wasu shafuka da za su riƙa nuno nasa, a kan jikka talatin, cikin mako guda shafinsa zai hau sama. Har ya tura kuɗin.

Na ce, "Kawu, da ka tambaye ni tukuna."

Ya ce, "To ai ga shi na tambaye ka."

Mahaɗan sun zo kuwa, ba a cuce shi a lissafi ba. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya: shafukan caca, shafukan tallar maganin ƙarfin maza, wasu cikin harsunan da ko haruffansu ban iya karantawa. Shafin kawu bai motsa daga inda yake ba. Daga nan muka soma aikin ta hanyar da ya kamata, kuma ita ce zan shimfiɗa a nan.

Mahaɗi shi ne kalmar nan ko hoton da kake latsawa a wani shafi ya kai ka wani, wanda ƴan lakwal ke ce wa liyan. Idan mahaɗin yana shafin wani mutum ne amma ya nuno naka, shi ne masu harkar ke kira baklink. Dalilin da ya sa yake da daraja yana cikin asalin Google ɗin kansa. Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a jami'ar Stanford ta Amurka suka ƙirƙiro lissafin da ake kira PageRank, kafin su kafa kamfanin a 1998. Lissafin yana ɗaukar kowane mahaɗi a matsayin shaida: wannan shafi ya tsaya wa wancan. Shaidar shafin da shi ma mutane da yawa suka tsaya masa ta fi nauyi, kuma shafin da ya raba shaidarsa ga ɗaruruwan wurare, abin da zai kai ga kowanne ba shi da yawa. Yau Google na duba abubuwa barkatai bayan wannan, amma mahaɗai na nan cikin lissafin.

Yadda na fahimtar da kawu shi ne da binciken aure. Idan saurayi ya kai gaisuwa gidan yarinya, ba shi ake tambaya halinsa ba. Limamin masallacinsu ake tambaya, da maƙwabta, da wanda suka taɓa haɗa kuɗi a kasuwa. In ya kwaso mutum ɗari daga tasha ya ba su na goro su zo su yabe shi, uban yarinya bai ƙara komai ba sai zargi. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ƴan tasha na saya."

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Kafin ka roƙi kowa komai, buɗe Google Search Console. Kyauta ne, adireshin Gmail kawai yake buƙata. Za ka sa adireshin shafinka, su ba ka hanyar tabbatar da cewa naka ne, ko dai ta ɗora wani ɗan fayil a kan shafin, ko ta saka layi guda a wurin da ka yi rajistar sunan shafin. In ba kai ka gina shafin ba, wanda ya gina maka zai yi wannan cikin minti goma. Amma ka tsaya kai da fata a sa asusun da sunanka, kada ranar da kuka ɓata ya tafi da mabuɗin.

Bayan ƴan kwanaki bayanai za su soma taruwa. A gefen hagu akwai wurin da aka rubuta Liens ga masu amfani da Faransanci. Nan za ka ga shafukan da suka nuno naka, da maƙalarka da aka fi nunowa, da kalmomin da aka yi amfani da su. Bing Webmaster Tools ma kyauta ne kuma yana nuna irin wannan, har yana barin ka leƙa mahaɗan wasu shafukan. Wannan na da amfani: ɗauki shafi biyu ko uku da ke fitowa samanka idan an nemi kayanka, ka ga su wa suka tsaya masu. Wanda ya nuna abokin gasarka, akwai alamar zai iya nuna ka.

Ka samu littafi, ko na takarda ko Google Sheets, ka ja layuka: sunan shafin, mutumin da ke riƙe da shi, lambarsa, ranar da ka tuntuɓe shi, abin da ya ce. Ni na takarda nake amfani da shi, saboda shi ba ruwansa da ɗaukewar kuran.

Sannan ka buɗe shafinka a waya mai araha, da rezo mai rauni, ka ga ko yana buɗewa kafin mutum ya gaji. Babu editan da zai tura masu karatunsa wurin da hotuna ke cinye masu kuɗin intanet ba su gama fitowa ba.

Mataki na biyu: ajiye abin da za a nuna

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, nan ne kuma ya kamata rabin ƙarfinka ya tafi. Shafin kawu a farko hoto huɗu ne, da lambar waya, da "kilishinmu ya fi na kowa". Wane dalili zai sa wani ya nuno wannan? Ba a nuna talla. Ana nuna abin da marubuci ke buƙata don ya kafa hujja, ko abin da zai amfani mai karatunsa.

Sa'ar da muke da ita a ƙasar nan ita ce abubuwa da yawa da kowa ya sani a baki ba a taɓa rubuta su a intanet ba, balle da Hausa. Mai sayar da takalma a Faransa yana gasa da dubban shafuka da suka riga shi. Kai kuwa sau da yawa filin babu kowa. Don haka tambayi kanka: me na sani saboda sana'ata wanda ɗan jarida, ko ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, ko ma'aikacin wata ƙungiya zai sha wahala kafin ya samu?

A wajen kawu abu biyu muka yi. Na farko, na kwana biyu a wurin aikinsu da kyamarar waya. Na ɗauki yadda ake zaɓen tsokar cinya marar kitse, yadda ake feɗe ta da wuƙa har ta zama kamar falle, yadda ake shanya ta a rana, yadda ake dama tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono a tsoma naman, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama a kan garwashi. Muka rubuta bambancin ja da fari, da yadda ake ajiye shi kada ya yi fumfuna lokacin damina, da yadda ake naɗe shi in zai yi tafiya. Muka ƙara bayanin cewa a 2023 hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da dama, ta ba kilishin Nijar da albasar Galmi takardar shaidar asali, da abin da wannan ke nufi ga mai saye. Maƙala ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci, kowacce da adireshinta.

Na biyu ya fi sauƙi amma ya fi kawo amfani. Kowace Litinin yaron kawu da ke zuwa cefane Katako yana rubuto farashin tiyar gyaɗa, da barkono, da citta, da kilon nama. Mu kuma mu ƙara layi ɗaya a teburin farashi da ke shafin, da kwanan wata. Makon farko ba komai ba ne. Bayan wata shida ya zama abin da babu wanda yake da shi: yadda farashin kayan yaji ya hau ya sauka daga kaka zuwa azumi. Duk wanda zai yi rubutu a kan tsadar kaya ya ci karo da shi, dole ya faɗi inda ya samo.

Mai gyaran babur zai iya yin irin wannan da farashin kayan gyara. Mai makaranta zai iya rubuta takardun da ake buƙata wurin rajistar jarrabawa da inda ake samun kowacce. Dillalin albasa a Tawa zai iya rubuta yadda ake gina rudu da yadda ake rage ruɓewa. Sharaɗin kawai shi ne abin ya zama gaskiya, ka sa kwanan wata, kuma adireshin maƙalar kada ya canza. In dole ta sa ka canza shi, ka sa a yi maka turawa ta 301 daga tsohon zuwa sabon, in ba haka ba duk mahaɗan da ka tara sun zube.

Mataki na uku: fara da waɗanda suka riga suka san ka

Littattafan Turawa za su ce ka tura wasiƙun imel ɗari ga baƙi. A Yamai wannan ɓata lokaci ne. Akwatin imel na ofisoshi da yawa ba a buɗe shi sai an tuna, kuma mutum bai cika yi wa wanda bai sani ba alfarma ta rubutu. Zumunta a ƙafa take, mahaɗi ma haka.

Zauna ka rubuta duk wanda kuke hulɗa da shi kuma yake da shafin intanet. Otel ko gidan abincin da kake kai wa kaya. Kamfanin da kake saya wa leda ko kwali. Ƙungiyar sana'arku. Masu shirya baje kolin da ka taɓa kama rumfa a ciki, irin su SAFEM na mata masu sana'ar hannu. Cibiyar ƴan kasuwa in kana da rajista da ita. Manoma da makiyaya su duba shafin RECA, haɗakar cibiyoyin manoma ta ƙasa, wanda ya tara takardun aikin gona masu yawa, su ga ko suna da bayanin da ya cancanci shiga irin wannan wuri. In wani malami ko ɗalibi daga jami'ar Abdou Moumouni ya taɓa zuwa wurinka bincike, shi ma sa shi a layi.

Daga nan sai ka je da kanka. Kuma ka nemi mutumin da ya dace, domin shugaban wuri sau da yawa bai san yadda ake taɓa shafin ba. Akwai wani saurayi a wani ɗan buro, ko ma a waje, da ke riƙe da kalmar sirri. Ka gaida shugaban ka nemi izininsa, sannan ka karɓi lambar saurayin. Kada ka ce "ku sa mini liyan" kawai ka tafi. Ka zo da abin a shirye: ga maƙalarku kaza, ga jimlar da ta yi maganar kilishi, ga adireshin da za a liƙa mata. Duk aikin da ka bar wa mutum ya yi tunaninsa, ba zai yi ba.

Wata hanya mai kyau ita ce shaidar abokin ciniki. Kawu ya rubuta layi uku yana yaba wa masu buga masa tambarin leda, da hotonsa riƙe da kayan. Suka ɗora a shafinsu da murna, da sunan sana'arsa da mahaɗi a ƙasa. Su sun samu yabo na gaskiya, shi ya samu shaida daga wurin da ke da alaƙa da aikinsa.

Ka kuma buɗe Google Business Profile, wanda ke sa rumfarka ta fito a taswira. Sunan sana'a, unguwa da lambar waya su zama iri ɗaya a duk inda ka rubuta su.

Mataki na huɗu: bi sawun inda aka ambace ka ba a nuna ka ba

Wannan shi ne mafi arha. Shiga Google ka rubuta sunan sana'arka tsakanin alamun zance biyu, ka bar fili, ka ƙara -site: haɗe da adireshin shafinka. Abin da zai fito shi ne wuraren da aka ambaci sunanka a wajen gidanka. Buɗe kowanne ka duba ko sunan yana latsuwa. In ba ya latsuwa, ga aiki ya samu. Ka gwada rubutun sunan ta duk yadda mutane ke kuskure shi, da na Hausa da na Faransanci, tunda kilishi ma wasu kilichi suke rubutawa. Sannan ka sa sunan a Google Alerts don a riƙa sanar da kai sabbi. Hotunanka kuma ka bi su da Google Lens. In ka tarar wani ya ɗauki hotonka bai tambaya ba, kada ka fara da faɗa. Mahaɗi ya fi maka amfani fiye da a cire hoton.

Ga irin saƙon da nake turawa, bayan na samu lambar mutumin ta hannun wanda ya san shi:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ne mai kula da shafin masu kilishin nan da kuka ambata a rahotonku na watan jiya kan shirin sallah. Mun ji daɗi ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alfarma ɗaya muke nema: a sakin layi na uku inda sunanmu ya fito, ko za a liƙa masa adireshin nan, don mai karatu da ke son ganin farashin ya same shi kai tsaye? Na gode, a gaida mutanen ofis."

Gajere ne, ya faɗi wurin, ya faɗi amfanin da mai karatu zai samu. In mako ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya. In ya sake yin shiru, ka ƙyale shi, garin ƙarami ne kuma za ku sake haɗuwa.

Mataki na biyar: ƴan jarida

Mahaɗi daga gidan jarida na gaske yana cikin mafi nauyi da za ka samu a nan: Le Sahel, kamfanin dillancin labarai na ANP, ActuNiger, Studio Kalangou da ke watsa shiri da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, da sassan Hausa na gidajen rediyon waje. Sai dai ɗan jarida ba ya neman talla, labari yake nema, kuma yana neman sa da gaggawa. "Mun buɗe sabon reshe" ba labari ba ne. "Ga yadda farashin citta ya canza cikin wata shida, ga teburin, ga mai sana'ar da zai yi magana" labari ne.

Lokaci ma na da muhimmanci. Makonni biyu kafin azumi, kafin layya, lokacin komawa lakwal, farkon damina: a waɗannan ranaku kowane edita na neman wanda zai yi magana kan farashi. Ka riga shi shiryawa. Ka ba shi hotuna masu kyau, ka amsa waya in ya kira, kuma tun wurin hirar ka ce masa cikin ladabi in rahoton zai hau intanet a sa adireshin teburin a matsayin majiya. Wasu gidajen ba sa sa mahaɗi ko kaɗan, al'adarsu ce. Ko sunan kawai aka ambata ba ka yi asara ba, mutane za su neme ka da shi.

Akwai maganar da ba a son yi a fili. In ka biya kuɗi aka buga maka rubutu, talla ce, ko da an yi mata kwalliyar labari. Ƙa'idar Google ita ce irin wannan mahaɗi a sa masa alamar sponsored ko nofollow, wato alamar da ke gaya wa Google cewa biya aka yi, ko ba a tsaya wa wurin ba. Yin talla ba laifi ba ne, ɓoye ta ne ke jawo matsala.

Mataki na shida: matattun mahaɗai

Wannan dabara kamar don ƙasarmu aka yi ta. Ayyukan raya ƙasa da yawa suna buɗe shafi, su tara bayanai masu kyau, ranar da kuɗin aikin ya ƙare a daina biyan kuɗin shafin, ya mutu. Amma sauran shafukan da suka nuno shi suna nan da mahaɗansu, duk wanda ya latsa sai ya tarar da 404, wato saƙon "ba a samu ba", ko fili fetal.

Nemi shafukan da suka jera majiyoyi a fannin sana'arka. Ɗora ƙaramar manhajar Check My Links a kan Chrome na kwamfuta, za ta bi mahaɗan maƙalar ta yi wa matattun ja. Kwafi adireshin mataccen ka kai shi Wayback Machine na Internet Archive, sau da yawa za ka ga abin da ke wurin kafin ya mutu. In kana da maƙala a kan wannan batu, ko za ka iya rubuta taka da iliminka, ba kwafe tasu ba, sai ka sanar da mai shafin cewa mahaɗinsa kaza ya mutu, ga wani da zai iya maye gurbinsa in ya ga ya dace. Ka zo masa da gyara kafin roƙo, shi ya sa ake amsawa.

Rubuta wa wasu shafuka maƙala a matsayin baƙo ma hanya ce, in shafin na da masu karatu na gaske kuma abin da ka rubuta ka san shi. Ɗaya ko biyu masu kyau sun isa. Maƙala guda da aka sauya wa kalmomi aka watsa wurare talatin, Google ya lissafa ta cikin maguɗi.

Yadda ake auna shafi kafin a nemi shaidarsa

Ba kowane mahaɗi ake so ba. Ina duba abu kaɗan, kuma ba ya ɗaukar minti biyar. Shin abin da shafin ke magana a kai ya shafi sana'ata ko garina? Akwai sunan mutum ko ofis da za a iya samu a bayansa? Yaushe aka yi rubutu na ƙarshe? Su wa yake nunawa, in na ga caca da magunguna a gefe na fita. Sai in rubuta site: da adireshinsa a Google, in babu abin da ya fito, Google ma bai san da shi ba.

Masu sayar da mahaɗai za su cika ka da lambobi, DA kaza, DR kaza. DA ma'aunin kamfanin Moz ne, DR na kamfanin Ahrefs, duka suna kaiwa 100. Kiyasi ne na waɗannan kamfanoni, Google ba ya aiki da su, kuma ana iya kumbura su da dabara. Shafin ƙungiyar mahauta mai ƙaramar lamba ya fi wa kawu amfani fiye da shafin waje mai babbar lamba da bai san mene ne kilishi ba.

Mahaɗin da ke cikin jikin rubutu ya fi wanda aka jefa can ƙasan shafi cikin jerin tambura. Kalmomin da ake latsawa kuma ka bar su su zo yadda suka zo: wani zai sa sunan sana'arka, wani adireshin tsura, wani "duba nan". In mahaɗai arba'in duk suka ce "kilishi mai arha a Yamai" harafi bisa harafi, kowa ya san baki ɗaya ne ya tsara su.

Sai maganar nofollow. A 2005 aka fito da wannan alama don a rage masu cika wuraren sharhi da tallace-tallace. Ma'anarta mai shafin na cewa na nuna wurin nan amma ban tsaya masa ba. A Satumban 2019 Google ya ƙaro biyu, sponsored don abin da aka biya, da ugc don abin da baƙi suka rubuta, ya kuma ce zai riƙa ɗaukar su a matsayin manuniya. Don ka gani da idonka, buɗe maƙalar a kwamfuta, danna Ctrl da U, sannan Ctrl da F, ka nemi adireshinka, ka duba ko akwai kalmar rel, wadda ake rubuta waɗannan alamu bayanta, a kusa da shi. Mahaɗan Wikipedia zuwa waje duk nofollow ne tun 2007, na Facebook ma haka suke, abin da ka tura a zauren WhatsApp kuwa Google bai ma gan shi ba. Wannan ba ya nufin ba su da amfani. Ta WhatsApp ɗin ne wani ɗan jarida ya fara ganin teburin kawu. Amma kada ka je Wikipedia ta Hausa kana cusa adireshinka, masu gyara za su cire, kuma ka ɓata sunanka a banza.

In ka riga ka sayi ƴan tasha

Ba kawu ne farkon wanda ya faɗa wannan rami ba. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda dubban mahaɗai daga shafukan da ba su da alaƙa da kayansa suka ɗaga babban kantin nan na Amurka, JCPenney. Kamfanin ya ce bai san da aikin ba, ya kori waɗanda ke kula masa da harkar, amma duk da haka Google ya tura shi can baya na wani lokaci. A Afrilun 2012 aka fito da tsarin Penguin don kama irin wannan, a 2016 aka shigar da shi cikin ainihin injin binciken, a Disamban 2022 kuma aka ƙara wani gyara da ke amfani da SpamBrain, manhajar Google mai farautar maguɗi, wajen gano mahaɗan saye da soke tasirinsu. Yau abin da ya fi faruwa shi ne Google ya yi biris da su, kuɗinka ya tafi a banza. Amma hukuncin hannu, wanda ma'aikacin Google ke yanke wa shafi da kansa, yana nan.

Shiga Search Console ka duba Actions manuelles, inda ake nuna irin wannan hukunci. In an rubuta babu matsala, kuma mahaɗan banzan ba kai ka sa aka yi su ba, ka bar su, kowane shafi na tara irin wannan shara. In kuwa akwai hukunci, ko ka san da kuɗinka aka yi su kuma suna da yawa, ka fara neman a cire waɗanda za su ciru. Sauran ka rubuta su a fayil na rubutu tsura mai ƙarewa da .txt, kowane layi ya fara da domain: sannan sunan shafin, ka ɗora a wurin barranta da Google ya buɗe tun 2012, wanda ake kira Disavow. Ka yi hattara sosai, in ka sa shafin kirki cikin jerin ka yanke shaidarsa da hannunka. In hukunci ne, bayan sharar sai ka tura buƙatar a sake dubawa, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru. Na kawu babu hukunci, amma tunda saye aka yi, na kwashe dare biyu ina jera su.

Musayar "nuna ni in nuna ka" tsakanin mutum biyu da ke aiki tare ba komai. In ta zama sana'a, shafuka hamsin na nuna juna a zagaye, ta shiga layin maguɗi.

Game da lokaci, kada ka duba sakamako kullum, za ka sa wa kanka hawan jini. Ware yini ɗaya a mako don wannan aiki: mutum uku za ka tuntuɓa, layi ɗaya za ka ƙara a teburinka. Farkon kowane wata ka buɗe Performances a Search Console ka rubuta sau nawa aka ga shafinka, sau nawa aka latsa, da kalmomin da aka neme ka da su. Ka kuma bi tsofaffin mahaɗanka ka tabbata suna nan, domin idan aka sabunta shafi sukan ɓace ba da niyya ba, kuma kiran waya ɗaya ke maido su. Sabon mahaɗi kan ɗauki makonni kafin ya bayyana a rahoton, tasirinsa kuma watanni.

A littafina na kawu, bayan shekara guda, layi goma sha ɗaya ne ke da alamar an samu, cikin mutum fiye da arba'in da muka tuntuɓa. Na ƙarshensu wani gidan saukar baƙi ne da na yi wa zuwa uku ban samu mai kalmar sirrin ba. Kawu ya ce in bar masa. Ranar Juma'a ya naɗe kilishi rabin kilo ya tafi gaida mai gidan, wanda ashe tare suke sallar asuba shekara da shekaru. Da ya dawo na ce masa, "Kawu, ka san in don kilishin aka sa, saye ne fa." Ya harare ni ya ce kilishin na gaisuwa ne, tun kafin a haifi Google yake kai masa. Ranar Litinin saurayin ya kira ni yana tambayar wane adireshi za a sa.